Godiya Ibada Ce, Koyonta Ake Yi

Laccar da aka gabatar wa jama'ar Zango a birnin Wagadugu, Burkina Faso

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  

An nemi in yi magana a kan godiya. Wani zai ce, to me ya rage a faɗa wa Bahaushe a kan godiya? Ai ko gaisuwarmu cike take da ita. Ina aiki? Aiki da godiya. Yaya kasuwa? Mun gode Allah. Yaya mai jiki? Da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da kuwa mai jikin ba ya iya ɗaga kai daga matashi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, Allah ya saka wa iyayen da suka ɗora mu a kanta. Sai dai baki ya riga ya saba, har yakan furta kalmar alhali zuciya tana can tana lissafin abin da ba ta samu ba. Abin da nake so mu duba yau shi ne ko zuciya da hannu suna bin bakin. Godiya ibada ce kamar salla da azumi. Ana koyonta, ana horar da kai a kanta, kuma tana da shaidar da ido ke gani, wato inda mutum ya kai ni'imar da aka ba shi.

Matsayin godiya a addini

Mu fara da Littafin Allah. A Suratu Ibrahim, aya ta 7, Allah ya yi wa mai godiya alkawarin ƙari, ya kuma gargaɗi mai butulci da azaba mai tsanani. A Suratu Saba'i, aya ta 13, da aka umarci iyalan Annabi Dawuda da godiya, cewa aka yi su aikata ta, sannan aka shaida mana cewa masu yawan godiya a cikin bayi 'yan kaɗan ne. A Suratul A'araf kuwa, da aka kori Iblis ya sha alwashin ɓatar da 'yan Adam, abin da ya yi taƙama da shi shi ne ba za a sami mafi yawansu suna godiya ba. Ku lura, bai ce zai hana su dukiya ko lafiya ba. Ya san za su samu. Burinsa su samu su manta da Mai bayarwa.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya ware wa haƙuri da godiya babi guda a cikin Ihya'u Ulumid Dini. A can ya bayyana cewa godiya ta haɗu ne daga abubuwa uku: sani, da hali, da aiki. Sani shi ne ka tabbata a ranka cewa ni'imar daga Allah take, kuma wanda ya miƙo maka ita sababi ne kawai. Hali shi ne farin cikin da wannan sanin yake haifarwa. Aiki shi ne ka sarrafa ni'imar a inda Mai bayarwa yake so. Ya buga misali da sarkin da ya yi wa mutum kyautar doki. Wani murnarsa a kan dokin take, da a daji ya tsince shi ma haka zai yi murna. Wani yana murna ne saboda sarki ya tuna da shi. Na ukun murnarsa ita ce ya sami abin hawa da zai shiga hidimar sarki ya kusance shi. Wannan na ukun shi ne cikakken mai godiya.

An ruwaito cewa Shehu Junaidu na Bagadaza yana ɗan shekara bakwai aka tambaye shi ma'anar godiya a majalisin kawunsa Sariyyus Saƙaɗi. Amsar da yaron ya bayar ita ce kada mutum ya saɓa wa Allah da ni'imar da Allah ya yi masa. Da wannan ma'aunin kowa zai iya auna kansa a daren yau. Idon da aka ba ka, aibin maƙwabci yake nema ko hanyar masallaci? Wayar da ke aljihunka, zumunci take sadarwa ko gulma? Kuɗin da suka shigo, haƙƙin wa suka sauke?

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tsaya sallar dare har ƙafafunsa su kumbura. Da Nana A'isha ta tuna masa cewa ai an riga an gafarta masa, sai ya nuna mata cewa wannan gafarar ce ma ta sa ya fi cancanta ya zama bawa mai yawan godiya. Buhari da Muslim sun ruwaito shi. Godiyarsa a ƙafafunsa aka gan ta.

Bashin da ke kanmu

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ke zaune a zango, sunan unguwarsa kaɗai ya ishe shi tunatarwa cewa kakansa baƙo ne. A ƙarni na 19 fataken Gwanja sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa, su gangara Salaga su sayo goro. Tafiya ce ta watanni a ƙarƙashin madugu, ga 'yan fashi, ga ciwo, ga kuɗin fito a bakin kowane kogi. Abin da ya sa wannan fatauci ya yiwu shi ne masauki. A kowane zango akwai fatoma da zai buɗe wa ayari ƙofa, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu a gaban sarkin gari. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawan da ke can garuruwan wasu suka nufa, kamar Kete Karachi da Kumasi, aka kuma sake saukar da su.

A nan Wagadugu ma haka aka yi. Waɗanda suka yanke shawarar zama, a ƙasar Moro Naba, sarkin Mosawa, suka zauna, cikin mutanen da harshensu daban, al'adarsu daban. Aka ba su wuri, suka gina masallatai da makarantun allo, suka yi auratayya, unguwarsu ta Zangwetin ta zama sananniya a tsakiyar birni. Yau jikokinsu suna jin Hausa da Mosanci da Faransanci, suna riƙe da takardar ɗan ƙasa. Babu wani daga cikinmu da ya sayi wannan da kuɗinsa. Gadonsa muka yi, kuma asalinsa alherin da wani ya yi wa baƙo ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ni'imar da ba a gani sai ta tafi

Babban abin da ke kashe godiya shi ne sabo. Abin da ka saba gani kullum yakan fita daga lissafinka. Mutanen wannan birni kuwa sun sha ganin yadda abin da aka saba da shi yake tafiya dare ɗaya.

A ranar 27 ga Mayu 2003 gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko. Mutumin da jiya yake ƙorafin ƙarancin ciniki ya wayi gari ba shi da rumfar da zai yi ƙorafin a cikinta, kuma sai a 2009 aka sake buɗe kasuwar. A cikin 2003 ɗin dai aka rushe Zangwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita saboda shirin sake gina tsakiyar birni mai suna ZACA, aka mayar da mutane wajen unguwannin Waga 2000 da Niyoko. Dattawan da ke nan za su gaya muku cewa ba bangon laka suka fi kewa ba. Sun fi kewar maƙwabcin da ake miƙa wa tuwo ta kan katanga, da sahun da aka san wurin tsayuwar kowa. Sa'ad da ake tare, wa ya taɓa lissafa maƙwabci cikin arzikinsa?

Sai ranar 1 ga Satumba 2009. Ruwan da ya sauka a birnin nan cikin 'yan awoyi ya kai milimita 263, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara guda. Mutum wajen 150,000 abin ya shafa. Gidajen laka suka narke, ruwa ya shiga har asibitin Yalgado, iyalai suka koma kwana a azuzuwan makarantu. Ranar nan busasshiyar tabarma ta zama dukiya.

Ba ma sai mun koma baya ba. Ku fita da asuba cikin watan Afrilu ku leƙa bakin famfo a unguwannin da ba a yanka filayensu ba. Za ku tarar da jarkoki a jere tun dare, kowace da ƙyallen da aka ɗaura mata don shaida. Ga mace da goyo tana gyangyaɗi a kan dutse, ga yaro ya jingina da gangar ruwan da zai tura. Famfon ya yi tari, ya tofo iska, ya yi shiru. Ruwan da ke zuwa daga madatsar Ziga tun 2004 shi ne dai wanda wani a cikinmu yake sakin famfonsa yana zuba yayin da yake goge baki. Wanda ya taɓa tsayawa a layin nan ba sai an yi masa wa'azi a kan ɓarnar ruwan alwala ba. Shi ya sa hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya taƙaita duniya a abubuwa uku: ka wayi gari cikin aminci a gidanka, da lafiya a jikinka, da abincin yininka. Wanda ya haɗa su kamar an tattaro masa duniya ne.

Cututtuka biyu

Bayan sabo akwai cututtuka biyu da suka yi mana yawa. Ta farko hangen na sama. A da mutum da maƙwabtansa yake gwada kansa. Yanzu matashi yana zaune a shago, ya ci ya ƙoshi, babur ɗinsa na ƙofa, sai ya buɗe Facebook ko TikTok ya ga sa'ansa a Dubai jingine da motar da wataƙila ma ba tasa ba ce. Kafin ya ajiye wayar shagon ya ƙanƙance a idonsa, babur ya zama abin kunya. Ba abin da ya ragu a hannunsa, zuciyar ce aka yi wa sata. Maganin da Manzon Allah ya bayar, kamar yadda Muslim ya ruwaito, shi ne a sha'anin duniya mutum ya riƙa duban wanda ke ƙasa da shi, don kada ya raina ni'imar Allah a kansa.

Ta biyu ɓoye ni'ima da kukan ƙarya. Mun san ɗan kasuwar da ko kaya sun ƙare ƙarƙaf, in ka tambaye shi sai ya ce ana dai fama, kasuwa ta mutu. Wani tsoron baki yake yi, wani kuwa tsoron kada ɗan'uwa ya zo rance. Ba a ce ka yi shela da ribarka ba, sirri yana da wurinsa. Amma rufe sirri daban, ƙaryata Allah daban. Ƙarshen Suratud Duha umarni ne da a ba da labarin ni'ima. In ba za ka faɗa ba, to kada ka yi kukan abin da bai same ka ba. Gazali ya ma tafi nesa da haka. A wajensa kuɗi an halicce su ne don su zagaya tsakanin mutane su biya buƙatu, saboda haka mai binne su da mai cin riba da su duk sun butulce wa ni'imar kuɗi.

Godiya ba rufe baki ba ce

A nan dole in yi wata togaciya, don akwai masu amfani da wannan kalma su danne na ƙasa. Maigida ya riƙe kuɗin yaron shagonsa wata uku, in ya yi magana a ce masa ka gode Allah da ka sami wurin zama. Miji ya gaza da cefane alhali yana da hali, in matar ta buɗe baki a ce mata ba ta da godiya. Wannan zalunci ne aka sa wa rawani. Addinin da ya umarci ma'aikaci da godiya shi ne ya umarci a biya shi ladansa kafin guminsa ya bushe. Annabi Yaƙubu ya kai kukansa ga Allah a kan rashin ɗansa, hakan bai fitar da shi daga sahun masu haƙuri da godiya ba. Mutum yana iya gode wa Allah da ya tsira da ransa daga ambaliya, gobe kuma ya je ya nemi a gyara magudanar ruwan unguwarsu. Godiya tsakaninka da Allah ce, kai za ka ɗora wa kanka. Ba bulala ba ce da za ka ɗauka ka bugi wanda haƙƙinsa ke hannunka.

Yadda ake horar da zuciya

To yaya ake koyo? Ga abubuwa huɗu da kowa zai iya, malami da jahili, mai shi da marar shi.

Na farko, roƙo. Manzon Allah ya riƙe hannun Mu'azu ɗan Jabal, ya shaida masa yana ƙaunarsa, sannan ya yi masa wasiyya da kada ya bar wata addu'a bayan kowace salla, wadda a cikinta ake neman taimakon Allah a kan ambatonsa da gode masa da kyautata bautarsa. Gajeriya ce, wanda bai iya ba ya tambayi limaminsa yau. Da godiya abu ne mai sauƙi da ba a ce a nemi taimako a kanta sau biyar a yini ba.

Na biyu, ambaton ni'ima da sunanta. Kafin ka kwanta, ka kirawo abubuwa uku na wannan yinin, kada ka tsaya a jimla. Ka ce yaron da ya kwana da zazzaɓi ya tashi ya sha kunu. Ka ce motar da ta taso daga garin Bobo ta iso lafiya. Ka ce mai bashina ya ƙara mini kwana. Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada irin wannan. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka sun wallafa binciken da suka sa wasu ɗalibai rubuta abubuwan godiya biyar kowane mako, wasu kuma abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako goma masu lissafin ni'ima sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun kuma fi ƙarancin koke-koken jiki. Mu ba don wannan muke yi ba, don Allah muke yi, amma ba laifi mu san cewa amfanin tun a duniya yake farawa.

Na uku, ziyara. Ka sa wa kanka zuwa dubiya asibiti ko da ba ka da majinyaci. Ka tsaya inda ake wankin ƙoda ka ga mutumin da ke kwana a layi don na'ura ta yi masa abin da jikinka yake yi maka kana barci. Ka kai ɗan abin da ya sawwaƙa. Za ka fito da lissafi sabo.

Na huɗu, gode wa mutane. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda ba ya gode wa mutane bai gode wa Allah ba, kuma a Suratu Luƙman an gwama godiya ga Allah da godiya ga iyaye. Mu masu al'adar zuwa bangajiya ne bayan biki, kuma mu muka ce yaba kyauta tukwici. Amma sau nawa maigida yake ce wa uwargida sannu da aiki, an gode, bayan ta yini a gaban murhu cikin zafin bazara? Yaushe rabonka da gaida malamin da ya ɗora maka alƙalami a allo? Godiyarmu takan tafi wajen manya da baƙi, ta tsallake mutanen cikin gida.

Inda za a biya bashin

Buhari da Muslim sun kawo labarin mutum uku daga Bani Isra'ila: kuturu, da mai ƙora, da makaho. Allah ya aiko mala'ika ya shafe su suka warke, aka ba na farko raƙuma, na biyu saniya, na uku tunkiya, dabbobin suka hayayyafa har kowa ya cika kwari. Daga baya mala'ikan ya komo wa kowannensu a siffar matafiyi matalauci wanda guzuri ya yanke masa, yana roƙon dabba ɗaya da zai ƙarasa tafiya. Na farko ya ce hidimomi sun yi masa yawa, ya ƙara da cewa dukiyar ma gadonta ya yi kaka da kakanni. Na biyu ya faɗi irin haka. Makahon nan ne kaɗai ya tuna yadda yake a da, ya ce wa baƙon ya ɗebi abin da yake so. Shi aka bar wa dukiyarsa tare da yardar Allah, sauran biyun aka yi fushi da su.

Jarrabawar ba a masallaci ta same su ba. A ƙofar gida ta same su, cikin rigar baƙo. Jama'ar Zango, irin wannan baƙon yana ƙofarmu yau. Tun daga 2015 rashin tsaro ya raba mutane da garuruwansu a ƙasar nan, kuma ƙididdigar hukuma ta watan Maris 2023 ta nuna sun haura miliyan biyu. Daga Jibo, daga Arbinda, daga Titawo, wasu sun tsaya a Kaya, wasu sun iso gefen birnin nan. Cikinsu akwai wanda ya bar garke, akwai wanda ya bar rumbu cike da gero, akwai malamin da ya bar almajirai. Matansu ne kuke gani suna tara yashi da tsakuwa a bakin hanya don su sayar.

Jikan wanda aka saukar ba shi da bakin cewa hidimomi sun yi masa yawa. Mai ɗakin da ba kowa a ciki ya ba da shi, ko ya sassauta haya. Mai shago ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa ciniki. Mai makaranta ya karɓi yara biyu ba tare da kuɗin Laraba ba. Mai zakka ya fitar da kashi ɗaya cikin arba'in ɗin nan a kan lokaci, ya kai inda ake buƙata, ba inda za a yabe shi ba. Kuma kada a tambayi mai yunwa ƙabilarsa kafin a zuba masa abinci, don kakanninmu ba a tambaye su ba. Ina roƙon limamanmu da shugabannin 'yan kasuwa su zauna su tsara wannan, kowane masallaci ya san iyalan da ke kewayensa, kada abin ya tsaya a bakin lacca.

Allah ya sa mu cikin 'yan kaɗan ɗin nan masu godiya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da Burkina Faso da maƙwabtanta lafiya, ya jiƙan magabatanmu da waɗanda suka sauke su.